Harshen Alƙali da Gonar Talaka

Manomin Ajingi ko na Gaya da ya gurfana gaban alƙali a kan iyakar gona ko rabon gado ba shi da ma'aunin da zai auna ilimin mai shari'ar. Abin da yake riƙewa shi ne kalmar da ya ji mutumin ya furta a wajen ɗaurin aure ko zaman makoki game da jam'iyyar da shi manomin yake bi. Domin haka ne fuƙaha'u suka wajabta wa alƙali ya daidaita masu husuma a zama da kallo da magana, kuma a Kano ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Liya'ul Hukkami don shiryar da mahukunta.

Dattawan ƙasar Kano ba su manta da zamanin jam'iyyar NEPU ba, wadda aka kafa a 1950, sa'ad da kukan talakawa ya tashi a kan haraji da jangali da aikin tilas a gandayen masu sarauta. A lokacin alƙali ma'aikacin En'e ne, da yardar Razdan ake naɗa shi, ga shi kuwa sarakuna sun karkata ga jam'iyyar NPC mai hamayya da NEPU, har ya zamana ɗan Sawaba, wato ɗan NEPU, da aka kama don ya yi lacca ba izini yakan tarar mai hukunta shi yana karɓar albashi daga hannun wanda ya soka. To, wa zai tsawata wa wannan alƙali in harshensa ya zarce haddi? Kwamitin masana shari'a na 1958, ƙarƙashin Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan, ya kawo gyara, amma kotunan ba su kuɓuta daga En'e ba sai 1968.

Ƙasar Ailan ma ta ɗanɗani irin wannan matsala tun daga 1879, da masu hayar gonaki suka haɗa kai a kan zaluncin masu ƙasa, alhali majistarori da yawa su ne masu ƙasar. A 1883 hukuma ta tuɓe Lord Rossmore daga muƙamin majistare saboda ya ja gangamin siyasa a Rosslea.

A yau tsarin mulkin 1999 ya ɗora ladabtar da majistarori da alƙalan ƙananan kotuna a wuyan hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha. Roƙona ga hukumar shi ne ta saurari koken mutumin ƙauye kamar yadda take sauraron na ɗan birni, ta kuma tsawata wa alƙalin da ya yabi gwamnati a bainar jama'a daidai da wanda ya soke ta.