An Sallame Shi, To Ina Zai Sauka?

A ɗakin awo nakan ji wannan damuwa daga masu juna biyu: ƙane ko miji ya gama jinyar shaye-shaye, za a dawo da shi gida, ga haihuwa ta matso.

Makonnin farko bayan sallama sun fi haɗari. Jiki ya daina sabawa da ƙwaya, don haka yawan Tramol ko kodin da yake sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu. A Amurka tun 1975 akwai gidajen Oxford House, inda masu murmurewa ke zama tare, su biya haya da kansu, wanda ya koma sha kuma ya bar gidan.

Gidan mari ba haka yake ba. Mun ga matasan da 'yan sanda suka kwance daga sarƙa a Daura da Katsina a 2019. A ganina, gara ya fara sauka gidan kawu ko baffa a wata unguwa, nesa da tsohuwar majalisarsa, a sama masa sana'a, a riƙa raka shi ganin likita.

Idan kuwa ke ce kike sha, 'yar'uwa, kada ki daina farat ɗaya, yana iya taɓa cikin. Ki faɗa mana ranar awo, a asirce.