Tukunyar Gas A Kan Sikeli

 Yau mun ɗan jingine maganar masara da dawa, za mu taɓa wani abu da ya dami magidanta, watau gas ɗin girki da yadda yake ƙarewa ba shiri.

Dalili kuwa, wani maƙwabcinmu ne a nan Unguwar Kanawa, dillalin wake, tare muke cin kasuwar Kawo ran Talata. Ya tare mu bayan isha'i ransa a ɓace, ya ce, "Alhaji, tukunyar da take yi mini mako biyar, yanzu kwana 18 sai ta ce ga garinku. Sau biyu ke nan. Na yi magana, uwar yara ta yi fushi, ta ce in ɓarna nake gani tana yi, in koma sayo mata itace." Muka ce, "Malam, ka auna?" Ya ce me zai auna? To ka ji fa. Mutumin da ba ya karɓar buhun wake sai ya kwance baki ya zura hannu har ƙasa, sai ga shi shekara da shekaru yana biyan kuɗin iska, bai taɓa ɗora ta a sikeli ba. Kada mu yi masa dariya, mu ma ba mu taɓa ba sai ran nan.

Kafin mu je ga awo, akwai abu biyu da mutane kan cakuɗa, tsada daban, ci daban. A shekarar 2020 cika tukunya mai kilo 12.5 bai kai naira 5,000 ba. Ƙarshen 2021 ya haye 7,000. Bayan an janye tallafin fetur an kuma saki naira a 2023, sai ga shi a 2024 ya wuce 15,000. Gas ɗin nan daga kudu yake hawowa, wani daga Bonny ta jihar Ribas, wani kuma daga ƙasashen waje da dala, a sauke a Legas, tanka ta ɗauko shi har Kaduna, kowane kilomita da kuɗin mansa. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 kuwa ta shafe shekaru a tsaye, da sauƙin ya zo daga ƙofar gida. To, wanda ya saba cewa "a zuba mini na dubu huɗu", a 2020 kusan cike ake miƙo masa tukunya, a 2024 kilo uku ne da ɗan ɗoriya. In ta ƙare a mako guda ba matarsa ba ce, kuɗinsa ne ya rame. Saboda haka a daina saye da kuɗi, a riƙa faɗin kilo, kamar yadda ba ka cewa a ba ka gero na dubu goma sai ka ji nawa tiya.

Amma maƙwabcin namu cikawa yake yi, don haka nasa ba wannan ba ne. Da gari ya waye ya aika aka ciko, muka ɗauko sikelin rataye. Babban sikelin buhu ba ya ganin kwatan kilo, kada a wahalar da kai da shi. Kowace tukunya akwai nauyinta in babu kome ciki, an buga shi a jikin mariƙinta ko a kafaɗa, daidai da yadda muke cire nauyin buhu kafin mu yi lissafin hatsi. Tasa 14 aka rubuta. In an zuba 12.5, ya kamata allura ta tsaya a 26.5. Sai ta tsaya a 25. Kilo ɗaya da rabi ya bi iska tun ba a kunna ashana ba. A ce kilo naira 1,200 ne, an tafi da 1,800 ke nan, a kowane ciko.

Muka koma wurin mai gas da tukunyar da sikelinmu. Bai yi gardama ba, ya ce yaronsa ne, ya cika ragowar. Ko yaron ne, ko sikelin ne ya gaji, Allah masani. Mu da muka yi karatun allo mun san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanadar wa mai tauye awo, kuma ba mai gas kaɗai take nufi ba, har mu masu mudu. Abin yi dai, ka je da kanka ko ka aiki mai hankali, a ɗora tukunya kafin a zuba, a ga allura, a sake ɗorawa bayan an zuba. Sau da yawa ma akwai saura a ciki wanda ka riga ka biya tun wancan karo. Sai dai fa gas ba a neman gyara a cikinsa. Ruwa ne a cikin tukunyar, da gangan ake bar masa fili a sama domin yana kumbura in ya ji zafi, kun kuwa san ranar Kaduna a watan Maris da Afrilu.

Daga nan muka shiga gida da izini. Aka kaɗa sabulu a kwano, muka shafa kumfa a bakin tukunya, da kan da ake murɗawa, da tiyo tun daga farko har inda ya shiga murhu. Nan inda tiyon ya lanƙwasa bayan kanta sai ga kumfa tana tasowa tana fashewa. Ya tsage, ya bushe kamar tsohon ƙirgi, shekara shida ba a sake shi ba. Uwargida daga bayan labule ta ce ai ta daɗe tana jin wari da asuba, ta faɗa, aka ce mata kwata ce. Malam ya sunkuyar da kai.

Wannan wuri muna so a saurara da kyau. Asalin gas ba shi da wari, sa masa ake yi don hanci ya gane yoyo. Ya kuma fi iska nauyi, ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu. Wanda ya ji warin nan, kada ya ƙyasta ashana wai zai nemo wurin, kada ya taɓa makunnin lantarki, ya rufe tukunya ya buɗe ƙofa da taga. Mutanen Kaduna ba su manta ran 4 ga Janairu 2020 ba, da gas ya fashe a wani shagon ciko a Sabon Tasha, mutane suka rasu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Bayan haka ne gwamnatin jiha ta ba da umurnin rufe irin shagunan nan da ke tsakiyar gidaje. Tiyo na 'yan kuɗi kaɗan ne. Tukunya ma tana tsufa, ƙa'ida shekara 15, a duba shekarar da aka buga a jikinta.

Saura kuma na cikin girki, a nan ne muka fi daɗewa. Muka ce a riƙa rataya tukunyar kowace safiya, yaro ɗan makaranta ya rubuta a bayan kalanda. Da can gidan kilo biyu da rabi suke ci a mako, yanzu sun haura huɗu. Mako guda ya isa aka gane. Hunturu ya shigo, kowace asuba ana ɗora babbar tukunyar ruwan wanka, ita kaɗai kusan kilo guda take sha a mako. Ga iska tana kaɗawa a tsakar gida, tana kwashe wutar gefe. Ga kan murhun ya toshe da miya da tuwo, wuta tana ci ja-ja tana baƙanta gindin tukunya, alhali wuta mai kyau shuɗiya ce. Tsinke da tsohon buroshi suka gyara wannan.

Sai wake, wanda mu da Malam ya kamata mu fi kowa sani. Sabon wake na kaka nan da nan yake nuna. Wanda ya kwana biyu a sito ya sha zafi kuwa taurin kai yake yi, sai ya ninka lokaci a wuta. Wane iri Malam yake kai wa gida? Ragowar tsohon da bai shiga kasuwa ba! A jiƙa shi tun dare, a jefa 'yar kanwa, a rufe da murfi. In ruwa ya tafasa kuma a rage wuta, domin tafasasshen ruwa ba ya ƙara zafi ko an ƙure murhu, tururi kawai ake saye. Ganda da ƙafar sa da kai, waɗannan a bar wa gawayi.

Na ƙarshe shi ne wanda ba wanda ya so ya faɗa. 'Yar gidan ta fara awara, sau uku a mako, tana tara kuɗin kayan ɗaki. Dafa ruwan waken suya da suyar duk a kan gas ɗin gida. Ba laifi ba ne, sana'a ce, mu kuwa ba ma hana sana'a. Amma duk ɗan kasuwa ya sani, cinikin da ba a sa kuɗin wuta a cikinsa ba, ribarsa ta ƙarya ce, wani ne yake biya. Muka ce, "Malam, ka saya mata ƙaramar nan mai kilo 3, cikon farko naka, na biyu daga cinikinta." Da yarinya ta yi lissafi da kanta, sai ta ɗan rage girman yanka.

An sake tiyo, ruwan wanka ya koma kan gawayi, yanzu kullum aka sauke girki ana rufe tukunya daga kanta, ba daga murhu kaɗai ba. Cikon da ya biyo baya ya yi kwana 33. Malam ya kai wa uwar yara turmin atamfa, bai dai ce na mene ne ba. Sikelin rataye yana nan rumfarmu, duk maƙwabcin da yake so ya ara, ya dawo da shi kafin Talata.