Arzikin da Ba Ya Shiga Takarda

Ranar Talata a kasuwar Mafara, manomi zai iya sauke buhu hamsin na shanshera, dillali ya ƙulla masa ciniki, ya ɗaure damman kuɗinsa a leda ya kama hanyar gida kafin la'asar. Duk unguwa an shaida mai hali ne. Amma ranar da ɗansa ya samu gurbin karatu a Ingila, aka ce a kawo shaidar wanda zai ɗauki nauyinsa, sai a wayi gari mutumin nan ba shi da abin nunawa. Yana da fadama a ƙarƙashin madatsar ruwan Bakalori, yana da rumbu, yana da sauran 'yan shanun da ɓarayin daji suka bar masa. Ko ɗaya daga ciki ba ya shiga lissafin ofishin biza.

Abin da suke so su gani shi ne kuɗi kwance a banki. A Janairun 2025, Birtaniya ta nemi ɗalibin da zai zauna a wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, wato fam 10,224, ban da kuɗin makaranta. Kuma sai kuɗin sun kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa da adadin ba ko da na yini guda. A canjin lokacin, maganar kusan naira miliyan 20 ake yi. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 zai shekara ashirin da ɗoriya yana tarawa, in har bai ci bai sha ba.

Abu biyu ne suka haɗu suka tsawaita wannan katanga. Na farko daga can ne: ƙasashen Turawa sun ga baƙi sun yi musu yawa, siyasarsu ta ɗauki zafi a kai, sai suka mayar da kuɗi rariyar tacewa. Kanada ta ɗaga abin da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a farkon 2024. A Afrilun shekarar, Birtaniya ta ce ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin da ke son ɗauko matarsa sai yana samun fam 29,000 a shekara, maimakon 18,600 da ake nema tun 2012. Na biyu daga nan ne: tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 cikin 2024. Ko da Turawa ba su ƙara ko kwabo ba, nauyin ya riga ya ninka sau uku a wuyan mai naira.

Sai dai a ganina abin da ya fi ƙuntata wa mutanen Mafara da Bakura da Maradun ba yawan kuɗin ba ne kaɗai, yadda ake ƙirga mai ɗaukar nauyin ne. A wajenmu yaro na kowa ne. In zai tafi karatu, baffa ya sayar da sa, kawu ya kawo buhun gero biyar, gwaggo ta kwashi adashinta, maigidan uban a kasuwa ya cika. Dokar Birtaniya kuwa ta san asusun ɗalibi, ta san na iyayensa ko wanda shari'a ta damƙa wa riƙonsa. Kawu, komai arzikinsa, baƙo ne a wurinta. Na taɓa zama ana yi wa wani dattijo wannan bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi ɗan nasa ya ce, "To ƙanena da muka fito ciki ɗaya, shi ne ba a sani ba?" Babu wanda ya iya ba shi amsar da za ta gamsar da shi.

Amurka ta ɗan sassauta a nan, don ta yarda wani ya haɗa hannu da mai ɗauko iyalinsa idan samunsa bai kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar ba. Amma dole mai taimakon ya kasance mazaunin can, ɗan ƙasa ko mai katin zaman dindindin, kuma sa hannunsa alkawari ne da za a iya kai shi kotu a kai. Ko auren ya mutu, nauyin na nan a kan wanda ya sa hannu, har sai baƙon ya zama ɗan ƙasa ko ya cika kimanin shekara goma yana aiki. Wanda ya saba da tsaya wa ɗan'uwa da fatar baki, in ya karanta wannan, jikinsa kan yi sanyi.

Saudiyya ma, wadda ta fi kusa da zukatan mutanenmu, ba a bar ta a baya ba. Tun Yulin 2017 mai igama ke biyan harajin wata-wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. An fara da riyal 100, zuwa 2020 ya kai 400. Mata ɗaya da 'ya'ya uku sun zama riyal 1,600 duk wata kafin a yi zancen haya ko cefane.

Sakamakon farko na waɗannan dokoki shi ne sabuwar sana'a: hayar kuɗi. Akwai masu zuba wa mutum miliyoyi a asusu su kwana 28, a buga takardar banki, su kwashe abinsu tare da ladansu. Jami'in biza ba yaro ba ne. Asusun da bai taɓa riƙe dubu ɗari biyu ba, in ya kumbura dare ɗaya, shi ma ya san da walakin goro a miya, kuma wanda aka kama da yaudara a Birtaniya na iya shan haramcin shekara goma. Wanda kuma ya tsallake, ya sauka a ƙasar mutane da kuɗin da babu su, haya na jiransa a ƙarshen wata.

Na biyu shi ne sayar da tushe. Gonar noman rani a Bakalori, wadda aka gama madatsarta tun 1978, ita ce kadarar da ta fi saurin samun mai saye a yankin, musamman yanzu da gonakin nesa da gari suka gagari shiga. Iyali kan sayar da abin da ke ciyar da mutum goma sha biyar don a nuna wa banki kuɗin mutum ɗaya. In an hana bizar, kuɗin na nan amma naira ta ci rabonta, gonar kuwa ba ta dawowa a tsohon farashi.

Na uku ba a cika zancensa a majalisa ba. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu tafiya da iyali, a Maris ta haɗa da masu aikin kula da tsofaffi. Don haka amarya kan tare a gidan surukai, miji na can. Bayan isha'i za ka same ta a bakin zaure ko kusa da katanga, inda sabis ya fi kamawa, ta ɗaga waya sama tana juya fuskar jariri wajen allon don uban ya gan shi. Shi kuma a can yana ƙara awannin aiki, yana ajiye takardun albashinsa wata bayan wata a cikin ambulan, yana lissafin yaushe za su kai adadin da ake nema, in ba a sake ɗaga shi ba kafin lokacin.