Ƙaramin Jirgin Tururi: Aikin da Ya Dace da Panteka da Makarantunmu

Idan ruwa kofi ɗaya ya tafasa ya koma tururi, wurin da yake bukata yakan ninka na da kusan sau 1,700. A toshe masa hanya, sai ya ture duk abin da ya tare shi. Da wannan ƙarfin jiragen ruwa suka hau Kwara zuwa Baro ɗauke da kayan shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, kuma layin na cikin abubuwan da suka sa Turawa suka baro Zungeru suka mai da Kaduna hedikwatar Arewa a 1917. Garin nan da tururi ya tashi. Amma yau ɗalibin sakandare a Kawo ko Unguwar Rimi haddar darasin yake yi daga allo, bai taɓa ganin tururi ya juya ko da ƙusa ba. Wannan abu yana damuna, domin kayan nuna masa suna nan jibge a kasuwar Panteka.

Mafi sauƙin jirgi ba ya bukatar inji. A samu gwangwanin kifi da siririn bututun jan ƙarfe irin na tsohon firji, a nannaɗe tsakiyarsa 'yan zagaye, a fitar da bakunansa biyu ta bayan gwangwanin su nutse a ruwa. A ɗura wa bututun ruwa, a kunna guntun kyandir a ƙarƙashin naɗin. Ɗan ruwan da ke wurin zai zama tururi ya watso saura waje. Tururin na isa wurin sanyi sai ya koma ruwa, bututun ya sake zuƙo wani. Fitar ruwan a miƙe take, ta fuska ɗaya, shi kuwa zuƙowar daga kowane gefe ne, shi ya sa jirgin ke tafiya gaba yana ɗan karkarwa. Wani Bafaranshe, Thomas Piot, shi ya yi rajistar asalin wannan dabara a Ingila a 1891.

Wanda ya ƙware a nan sai ya matsa zuwa na gaske, mai tukunyar tururi da silinda da fistan da farfela. A nan wasa ya ƙare. Tukunyar da jan ƙarfe ake yinta, don yana ɗaukar zafi da wuri kuma ba ya tsatsa. Kada a liƙa ta da dalmar masu gyaran rediyo: wannan tana narkewa kafin zafi ya kai digiri 200, kuma da zarar ruwa ya ƙafe a tukunya, wuta za ta wuce nan cikin ɗan lokaci. Sai dai abin liƙi mai haɗin azurfa, irin wanda masu gyaran firji suka sani. Dole kuma a sa bawul da zai buɗe da kansa idan matsi ya wuce kima.

Gwajin farko ba da wuta ake yinsa ba. Ana cika tukunya taf da ruwan sanyi, a fitar da iska duka, a matsa da famfo har ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, a zuba ido a kan kowane liƙi. Dalili shi ne ruwa ba ya matsuwa. In akwai rauni, ɗigo kawai za a gani. Da tururi ne a ciki, fashewa za ta yi ta ƙona fuskar mai aiki. Bayan nan sai a ɗora komai a jirgin, a sa shi a babban baho, a yi ta gusa tukunya da ɗan nauyin da aka shimfiɗa a gindinsa har ya zauna daram bai karkace ba. Sannan ne za a kunna wuta. Ban ba da shawarar a kai yara Kogin Kaduna don wannan ba, musamman da damina. Ruwan da ke kwance, wanda bai wuce gwiwa ba, ya wadatar.

Kada wani ya raina aikin. Charles Parsons sai da ya gwada ƙananan samfura a tafki kafin ya gina Turbinia, jirgin da a 1897 ya fi kowane jirgin ruwa gudu a duniya. Irin injinsa mai juyawa da tururi shi ke ba da wuta a tashar Egbin ta Legas har yau.

Panteka da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna maƙwabta ne a Tudun Wada, kuma tuni suka fara hulɗa wajen horar da masu sana'a. Mai walda ya iya liƙi, malamin kwaleji ya iya lissafin kaurin tukunya da matsin da za ta jure. Abin da nake so in gani shi ne su haɗu su ɗauki ɗaliban sakandare a lokacin dogon hutu, kowane rukuni da maƙeri ɗaya da malami ɗaya, a fara da jirgin gwangwani, kuma kada a bar kowa ya kunna wuta ƙarƙashin tukunyar da ba ta ci gwajin ruwan sanyi ba.