Mene ne sashen kulawa ta musamman ga jarirai?

Sashen kulawa ta musamman ɗaki ne a asibiti da ake kwantar da jariran da ba su wuce kwana 28 ba, waɗanda aka haifa bakwaini, wato kafin ciki ya cika mako 37, ko nauyinsu ya gaza kilo 2.5, ko suke fama da matsalar numfashi ko shawara. A nan ake sanya jariri cikin kwalba, na'urar da ke riƙe masa ɗumi, a ba shi nonon uwarsa ta siririn bututu da ake zurawa ta hanci, mai shawara kuma a haska masa shuɗin haske.

Nauyin jinyar yana kan iyaye, musamman na nesa, kamar iyayen da ke garin Mubi idan aka tura jaririnsu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, domin maijego kan shafe makonni tana tatsar nono, uba yana fafutukar kuɗin magani, ranar suna ma takan riske su a asibiti. Game da kula da bakwaini kuwa, tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, da zarar an haife shi.