Idan Fetur Ya Tafasa Kafin Ya Kai Inji

A Amurka akwai mutanen da ke harhaɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu a garejin gida. Ƙungiyarsu ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, tana tara su duk shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin. Mai irin wannan jirgi shi ke shimfiɗa bututun mai da kansa, daga tanki har inji, kuma a wannan 'yar tazarar ce wani haɗari yake laɓewa: fetur ya tafasa a hanya.

Fetur ba ya jiran zafi mai yawa kafin ya zama tururi. Shi kuwa famfon mai ruwa aka yi shi ya tura, don haka da kumfar tururi ta cika shi sai ya yi ta bugawa a banza. Inji ya fara tari, ƙarfinsa ya faɗi, wani lokaci ya mutu murus, alhali tanki cike yake. Direbobin tsofaffin motoci masu kafireta sun san wannan a zafin bazara, inda ake jiƙa tsumma a ɗora kan famfo har ya huce. Sai dai matuƙin jirgi ba shi da gefen titin da zai gangara.

Lokacin da ya fi tayar min da hankali shi ne bayan gajeriyar tsayawa. Injunan Lycoming da jirage da dama irin waɗannan ke amfani da su iska ce ke sanyaya su. Jirgi ya sauka, an kashe inji, iska ta tsaya, zafin silinda da salansa ya taru ƙarƙashin murfi yana gasa bututu. Jim kaɗan matuƙi ya koma, ya ba da wuta gaba ɗaya don tashi, daidai lokacin da inji ya fi ƙishirwar mai. Kuma yana yin sama matsin iska na raguwa, fetur na ƙara saurin tafasa.

Irin man ma yana da nasa. Man jirgi na 100LL matsin tururinsa bai wuce psi 7 ba, amma fetur ɗin mota da ake sayarwa a hunturun Amurka yakan kai 15. Wanda ya cika tanki da shi don rahusa, ya bar shi har zafi ya shigo, ya sayo wa kansa wahala.

Maganin yana wajen ƙira. A sa famfon lantarki ƙasa, kusa da tanki, domin ya tura mai maimakon ya tsotso shi, don tsotso yana rage matsi ya haifi kumfa. A nisanta bututu da salansa, a sa masa rigar kariya daga wuta, a jawo iska daga waje ta riƙa hura famfon inji. Kamfanin Rotax ma ya nemi a sa wa injinsa na 912 siririn bututun da ke mayar da mai mai zafi cikin tanki.

Duk wanda ya ƙera jirgi, kafin ya ɗauki ɗansa ko abokinsa, wajibi ne ya gwada gudun mansa a ƙasa, ranar da rana ta fi zafi, inji na da zafi.