Haƙorin Dokin da Darwin Ya Tsinta

A watan Oktoba na 1833, a gaɓar kogin Parana da ke ƙasar Ajantina, Charles Darwin ya ci karo da haƙorin doki cikin ƙasar da ta binne ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare. Abin ya ɗaure masa kai, domin a wancan lokaci an ɗauka Sifaniyawa ne suka fara kai doki nahiyar Amurka. Masani Richard Owen ya duba haƙorin a Landan, ya tabbatar na wani doki ne da ya shuɗe tun kafin zuwan Turawa, daga baya ya raɗa masa suna Equus curvidens.

Dillalin dawaki haƙoran gaba yake buɗewa don ya san shekaru. Masanin burbushi kuwa turamen ciki yake nema, domin su ne suka fi daɗewa a ƙasa, kuma a kansu ake gane jinsi. Turmin sama na doki dogo ne, mai kusurwa huɗu, ya ɗan lanƙwashe. A fuskar da yake tauna da ita, ɓawon haƙorin mai tauri ya nannaɗe ya yi zane mai sarƙaƙiya. Na saniya zanensa lauje-lauje ne masu sauƙi, shi ya sa gwani ba ya haɗa su.

Tsawon nan ciyawa ce ta jawo shi. Kakan dawaki na shekaru miliyan 55 da suka wuce ganye mai laushi yake ci, turamensa gajeru. Da zuriyarsa ta koma kiwo a fili, inda ciyawa da ƙura ke cinye haƙori, sai turamen suka yi tsawo, suna ɓullowa daga dasashi a hankali gwargwadon yadda suke lalacewa.

Babbar alamar gane jinsi a turmin sama tana gefen harshe, wani ɗan ginshiƙi da ake kira furotokon. A dokin yau yana manne da sauran zanen. A Hipparion, doki mai yatsu uku da ya bazu daga Amurka zuwa Asiya da Turai da Afirka kimanin shekaru miliyan 11 baya, ginshiƙin a ware yake kamar tsibiri. An samu burbushin Hipparion a hamadar Jurab ta ƙasar Chadi. A turmin ƙasa kuma, ana duba lotsawar da ke tsakanin madaukai biyu: ta doki mai faɗi ce, ta jaki da jakin dawa mai tsini, ko da yake wannan alama takan yaudari mai gaggawa.

Inda masu tsintuwa suka fi tafka kuskure shi ne launi. Haƙorin dokin da ya mutu a zamanin kakanninmu yana iya yin baƙi ƙirin a laka, kuma zanensa kusan ɗaya ne da na dokin shekaru 20,000. Shimfiɗar ƙasar da aka same shi a ciki ita ce shaida, don haka wanda ya tumɓuke haƙori bai rubuta inda ya kwanta ba, ya zubar da rabin bayaninsa.